Daga Kasuwar Kurmi Zuwa Shagon Babura: Tarihin Cinikin Babur ɗin Farko

Kamar kullum, ga rubutun shirinmu na wannan makon saboda waɗanda data ba ta kai su sauraron murya ba, da kuma masu son karatu. A samu wuri a zauna, don zancen yau da ɗan tsawo.

Zancen babur za mu yi, ko mashin kamar yadda wasu ke cewa. A cikinku akwai wanda ya shekara biyu yana zubin adashi, akwai wanda ya sayar da buhunan masararsa, akwai wanda mahaifiyarsa ta sayar da tumakinta ta cika masa, duk don ya mallaki babur ɗinsa na farko. Ranar da zai shiga kasuwa, wahalar shekara biyun nan tana cikin aljihunsa gaba ɗaya, kuma cinikin da bai wuce minti talatin ba shi zai yanke ko ta yi albarka ko ta zube. Mai shago ya sayar da babura ba adadi, kai kuwa wannan ne karonka na farko. To ta yaya za ka san farashin da ya faɗa maka na adalci ne?

Ni dai a ganina amsar tana cikin tarihi biyu da suka haɗu a bakin shagon nan: tarihin yadda Bahaushe ke ciniki, da tarihin yadda babur ya shigo mana. Wanda ya san su ya san inda zai matsa wa mai shago, ya kuma san inda matsawar ɓata baki ce kawai. Bari mu fara da na cinikin, don ya girmi babur nesa ba kusa ba.

A farkon shekarar 1824, zamanin Sarkin Kano Ibrahim Dabo, wani Bature ɗan Sikotilan mai suna Hugh Clapperton ya iso Kano ta hanyar Borno. Ya shiga kasuwar Kurmi, wadda tarihi ke danganta kafuwarta ga Sarki Muhammadu Rumfa tun ƙarni na 15, ya kuma rubuta abin da ya gani. Abu biyu ne suka fi jan hankalina a bayaninsa. Na farko, in an gama ciniki mai kaya yakan mayar wa mai saye ɗan wani abu daga cikin kuɗin, kamar kashi 2 cikin 100, da sunan albarka. Na biyu, duk ƙunshin riga ko turkuɗi da aka sayar, sai an rubuta sunan dillalin an saka a ciki. Ko da an kai kayan Borno ne aka kwance aka tarar ba su da kyau, maido su ake yi Kano, dillali ya nemo mai kayan, dokar gari ta tilasta masa ya mayar da kuɗin.

Ku duba fa, babu waya, babu mota, tafiyar makonni ce a kan jaki da raƙumi, amma mai saye yana da inda zai koma. Wato tun shekara ɗari biyu da suka wuce, farashi na adalci a kasuwar Hausa ƙafa biyu gare shi: kuɗin da aka biya, da kuma mutumin da ya tsaya wa kayan da sunansa. Ku riƙe wannan, za mu buƙace shi in mun iso shagon babura.

Kalmomin cinikinmu ma shaida ne. Mai kaya ya sa suna, mai saye ya taya. In tayin bai kai ba, ba a ce maka "ban sayar ba", sai a ce "albarka", don kada a rufe ƙofa. In ya kai, a ce "na sallama", daga nan magana ta ƙare. Dillali kalmar Larabci ce, haka ma la'ada, wadda asalinta "al'ada", wato abin da aka saba ba mai shiga tsakani. A zangunan fatake kuwa, daga Kumasi har Sabon Ibadan, akwai maigida ko fatoma wanda ke saukar baƙo, ya ajiye masa kaya, ya tsaya masa in an ɗauki bashi. Jarinsa mutuncinsa ne. Ranar da aka kama shi da ha'inci, fatake sun daina sauka gidansa ke nan.

To yanzu mu shigo da babur. A Jamus aka fara shi. Gottlieb Daimler da Wilhelm Maybach ne suka ɗora injin fetur a kan keken katako a 1885, sannan a 1894 aka fara ƙera babur na sayarwa a birnin Munik. Ita kalmar babur, masana harshe da dama suna danganta ta da Larabcin "babur", sunan da ake ba jirgin ruwa mai tururi da sauran injuna. A ƙasarmu da farko abin hawan Turawan mulki ne da 'yan mishan. Dokin ƙarfen talaka keke ne, musamman Raleigh, wanda manomi ke saya in gyaɗa ta yi kuɗi.

Abin lura shi ne inda ake sayen waɗannan kaya: kantin kamfani, irin su John Holt da UAC. A kanti an rubuta farashi, akawu na zaune da littafi, babu taya babu albarka. In kana da kuɗi ka biya a ba ka rasit, in babu ka kama gabanka. Salon ciniki ne daban da na Kurmi, kuma a cikinsa babur ya fara rayuwarsa a wurinmu.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai aka shiga ƙera ƙananan babura masu sauƙin kuɗi. Italiya ta fito da Vespa a 1946, wadda muke kira basfa, abin hawan malamai da 'yan kasuwa masu babbar riga. Faransa ta fito da Mobylette a 1949, shi ya sa 'yan uwanmu na Nijar suka fi mu sanin mobilet. Japan ta zo da Honda Super Cub a 1958, babur ɗin da zuwa 2017 an ƙera guda miliyan 100. Akwai kuma labarin CG 125 da Honda ta fitar a 1975. Injiniyoyinsu sun zaga ƙasashe masu tasowa, suka ga mutane na lafta wa babur kaya, ba sa canza baƙin mai a kan lokaci, sai suka ƙera inji mai jure wulaƙanci. Wanda ya taɓa ganin tsohon CG yana jan buhu uku a hanyar ƙauye ya san lissafinsu ya yi daidai.

A wancan zamanin a Najeriya kowane kamfanin Japan yana da wakili sananne. Boulos na riƙe da Suzuki, John Holt na riƙe da Yamaha, Honda kuma ta kafa kamfaninta a Ota ta jihar Ogun a 1979. Ma'aikacin gwamnati, malamin makaranta ko malamin gona, yakan karɓi adibas ya sayi babur, a riƙa cirewa daga albashi. Mai tsaya wa kayan shi ne kamfanin da kansa, kuma kowa ya san adireshinsa.

Sai ga Udoji. Matasa, ku tambayi kakanninku wannan sunan ku ga murmushi. Kwamitin Jerome Udoji ya miƙa rahotonsa a 1974, gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta yi wa ma'aikata ƙarin albashi mai tsoka, aka haɗa musu da ariyas na watanni aka biya a farkon 1975. Kuɗi suka shigo hannun jama'a a lokaci guda, kowa ya nufi kanti: rediyo, agogo, katifa, babur. Kaya ba su ƙaru ba, masu saye ne suka ƙaru, sai farashi ya yi sama. A shekarar nan ta 1975 hauhawar farashi a Najeriya ta haura kashi 30 cikin 100.

Darasin Udoji bai tsufa ba, don kowace shekara muna yin ƙaramin Udoji. Da kaka, in manoma sun sayar da amfani, kasuwar babura cika take yi. Haka gab da sallah, haka lokacin siyasa in ana sayen babura da yawa don rabo. Mai shagon da mutum biyar ke layi a gabansa ba shi da dalilin yi maka ragi. In kana da halin jira, ka je lokacin da yake zaune yana korar ƙuda.

Babban juyi ya zo ne a 1986. A 1980 naira ta fi dala daraja, da kwabo sittin ma sai ka samu dala guda. A watan Satumba na 1986, ƙarƙashin shirin SAP na gwamnatin Janar Ibrahim Babangida, aka buɗe kasuwar gwanjon kuɗin waje, dala ta koma sama da naira 4, kuma daga nan ba ta sake waiwayowa ba. Sabon babur ɗan Japan ya gagari ma'aikaci. Mutanen Nijar su ma sun ɗanɗana irin wannan a watan Janairu na 1994, da aka karya darajar sefa da rabi a dare ɗaya.

Abu biyu suka biyo baya. Na farko, kasuwa ta koma ta kayan kwance, waɗanda aka hau a Turai ko Asiya, ana sauke su a Legas ko Kwatano a biyo da su Arewa. Na biyu, motocin haya sun yi ƙaranci, aiki ya yi wuya, sai mai babur ya fara ɗaukar fasinja. A Kano aka ce achaba, a Sakkwato da Nijar aka ce kabu-kabu, a Kudu aka ce okada, sunan da aka aro daga kamfanin jiragen sama na Okada Air. Babur ya tashi daga kayan ado ya zama jari, abin da ake ci da iyali da shi.

Wannan ya canza ciniki gaba ɗaya. Babur na hannu ba shi da farashi a rubuce, don babu biyu da suka gaji iri ɗaya. Kanti ya ja baya, dillali ya dawo, taya da albarka suka dawo, bakanike ya zama alƙalin ciniki, shi ke kasa kunne ya saurari inji ya duba hayaƙin salansa. Sai dai salon Kurmi ya dawo ne da ƙafa ɗaya. An dawo da taya, ba a dawo da sunan dillali a cikin ƙunshi ba. Mutum ya sayi babur yau, jibi inji ya buga, ya koma a ce masa ai ciniki ya riga ya faɗa.

Daga ƙarshen shekarun 1990 zuwa farkon 2000 sai ƙasar Sin ta shigo. Jincheng, Lifan, Haojue da sauransu suka cika gari, a Nijar da yankin Sakkwato kuma Kasea ya yi suna. A nan dole a ambaci garin Nnewi na jihar Anambra, cibiyar kayan gyaran babur. 'Yan kasuwar can, irin su Innocent Chukwuma mai Innoson, sun lura cewa in aka shigo da babur a haɗe, kwantena ɗaya kaɗan take ɗauka, in kuwa aka shigo da shi a warware sai ta ɗauki ninkin-ba-ninkin. Kuɗin dako ya sauka, farashi ya sauka, sabon babur ya sake shiga hannun talaka. Daga baya Indiya ta biyo da Bajaj Boxer da TVS, masu ƙwari da rashin shan mai, 'yan achaba suka rungume su.

Ga abin da wannan ya haifar, kuma ya shafe ka kai tsaye. Babur ɗin da kake gani sabo dal a bakin shago, a kwali ya zo, a nan kasuwa aka haɗa shi. Ingancinsa rabi na masana'anta ne, rabi na yaron da ya ɗaure notinan. Kuma tsakanin kwali da bakin shago akwai ƙofar da marar tsoron Allah zai iya musanya batir, ko fulogi, ko taya, ko ya ɗauke 'yan kayan aikin da ke zuwa da babur. Ba kowa ke yi ba, akwai diloli masu amana da yawa, amma ƙofar tana nan.

Sai kuma hannun hukuma. An hana achaba a tsakiyar Abuja a watan Oktoba na 2006. A ranar 1 ga Janairu 2009 dokar sa hular kwano ta fara aiki, har wasu 'yan achaba a Kano suka kifa ƙwarya a ka, labarin ya zaga duniya. Maiduguri ta hana babura a watan Yuli na 2011 saboda rikicin Boko Haram. A Kano, kwanaki kaɗan bayan harin da aka kai wa marigayi Sarki Alhaji Ado Bayero ranar 19 ga Janairu 2013, gwamnatin jihar ta hana achaba, adaidaita sahu ta maye gurbi. A Nijar an hana zirga-zirgar babura a jihar Diffa a 2015, sannan a sassan Tilaberi a farkon 2020. Duk lokacin da irin wannan doka ta fito, sai ka ga masu babura na neman kai da su, a kwashe su zuwa wasu garuruwa da ƙauyuka. A cikin wannan hada-hadar ne na sata ke sajewa da na halal. Saboda haka kafin ka tambayi farashi, ka fara sanin dokar garinku, musamman in don sana'a za ka saya.

Zango na ƙarshe shi ne wanda muke ciki. Ranar 29 ga Mayu 2023 aka sanar da cire tallafin fetur, a watan Yuni aka saki naira. Dala da ke wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024. Sabon Boxer ya tsallake naira miliyan ɗaya. A irin wannan yanayi dila ba ya lissafi da kuɗin da ya saro babur ɗin da ke gabanka. Lissafinsa yana kan kuɗin da zai biya ya saro wani a madadinsa. Shi ya sa za ka ji yana cewa farashin yau ne, gobe sai yadda ta yiwu. Wani lokaci dabarar hanzarta ka ce, wani lokaci kuma gaskiyarsa ce tsantsa, kuma da wayarka za ka iya duba ko dala ta motsa a makon.

To, mu tattara tarihin nan mu shiga shago da shi.

Farashin sabon babur hawa-hawa ne. Akwai kuɗin masana'anta a Indiya ko Sin, da dala. Akwai kuɗin jirgin ruwa, akwai na kwastam, akwai ribar babban dila mai shigo da kaya, akwai kuɗin motar da ta kawo shi Arewa. Duk waɗannan an gama su kafin Alhajin da ke gabanka ya ga babur ɗin. Abin da ke hannunsa shi ne ribarsa, kuɗin haɗi, da la'adar dillali in akwai. Don haka ragi a sabon babur ba ya da faɗi. In ka taya rabin kuɗi kamar kana cinikin atamfa, ka sanar da shi ba ka san kasuwa ba, kuma daga nan shi ke jan ragamar. A babur na hannu kuwa filin yana da faɗi, don farashin ya dogara ne da lafiyar inji da kuma matsuwar mai shi.

Ranar farko kada ka je da kuɗi. Ka zaga shago uku ko huɗu, ka tambayi samfuri ɗaya tak, ka rubuta. In uku sun faɗi kusa da juna, farashin kasuwa ke nan. In na huɗu ya faɗi ƙasa da su sosai, ka tsaya ka tambayi kanka me ya sa, don Hausawa sun ce araha ba ta ado. Tambayar da za ka yi kuma ita ce: nawa zan fita da shi? Wato da haɗi, da batir, da baƙin mai, da madubai, da rasit. Da yawa ana yi musu ragi a uwar kuɗi, sai a fanshe a ƙananan abubuwan nan bayan an sallama.

In ka dawo ranar saye, ga yadda zancen yakan tafi. Ka yi sallama, ka gaisa a tsanake.

"Alhaji, barka da kasuwa. Wannan nawa zan fita da shi, komai da komai?"

Ya sa suna. Kai kuma ka taya ƙasa kaɗan da mafi sauƙin farashin da ka jiyo.

"Albarka, samari. Ko ni ban saro shi haka ba."

"Ranka ya daɗe, na zaga kasuwa, na san ba ka yi tsada ba. Amma kuɗina a hannu suke, yanzu zan biya. In ba za a taɓa kuɗin ba, a bar mini haɗi, a sa mini hular kwano, kuma a buɗe kwalin a gabana."

Kun ga abin da ya faru? Ka girmama shi, ka nuna ka san kasuwa, sannan ka kai cinikin inda yake da iko. Gyara irin wannan ya fi sauƙi a wurin ɗan kasuwa fiye da rage tsabar kuɗi, kuma jikan albarkar nan ce ta kashi 2 cikin 100 da Clapperton ya gani. Kada kunya ta hana ka tambaya, da rashin tayi akan bar araha. In an ƙi, ka yi godiya ka juya a hankali. Ko a kira ka, ko ka tabbatar iyakar ke nan.

Ka bambance dila da dillali. Dila mai kaya ne, dillali mai shiga tsakani. Yaron da ya tare ka tun daga bakin kasuwa yana cewa zo in kai ka wurin mai sauƙi, la'adarsa na cikin kuɗin da za a faɗa maka. Ba laifi ba ne, sana'a ce mai tarihi, amma a yi maganar a fili tun farko: nawa ce la'adar, kuma wa zai biya. Ka kuma lura da wanda zai faɗo tsakiyar cinikinku ya taya sama da kai alhali ba saye zai yi ba. Malaman fiƙihu suna kiran wannan najashi, kuma haramun ne, kamar yadda ɓoye aibin kaya yake haramun. Maganinsa shi ne ka riga ka yanke iyakarka tun daga gida, kowa ya taya abin da ya ga dama.

In biya sannu-sannu aka yi maka tayi, fito da waya ka buga lissafi a gabansu. Misali kawai: a ce kuɗi hannu naira 1,200,000 ne, a bashi kuma 35,000 duk mako har mako 52. Jimla 1,820,000 ke nan, ƙarin 620,000. Wataƙila ya yi maka, in babur ɗin zai riƙa kawo abin da ya fi haka. Amma ka tambaya, in ka yi rashin lafiya ka tsallake mako biyu, me zai faru? In an ƙwace babur ɗin, ina makomar abin da ka riga ka zuba? A rubuta amsar a takarda. Haka in za ka ba da kafin alƙalami, a rubuta ko ana mayarwa in ciniki bai yiwu ba.

Kada a yi cinikin biri a sama. Hoto a WhatsApp ba babur ba ne. In na hannu ne, ka je da bakanikenka, wanda kai za ka biya, ba na mai kaya ba. A tayar da inji yana sanyi, don inji mai ɗumi yana ɓoye ciwonsa. A duba hayaƙi, a duba yoyon mai, a hau a ji giya da birki.

Sai babban abin, ƙafa ta biyu ta farashi. Sunan dillalin da ake sakawa a ƙunshin turkuɗi, a yau shi ne rasit. Rasit mai sunan shago da adireshi, da sunanka, da kwanan wata, da lambar inji da lambar bodi. Ka durƙusa da kanka ka karanta lambobin a jikin ƙarfe, ka gwada da na takarda harafi bayan harafi. In ka ga alamar an kankare lamba ko an sake bugawa, ka bar shi ko da kyauta ne. A na hannu ka nemi rasit na asali, da shaidar wanda ke sayarwa, a rubuta yarjejeniya da shaidu, in da hali a gaban shugabannin kasuwa ko mai unguwa. Ka tambayi dila ƙarara: in matsala ta fito cikin satin farko, in dawo? Wanda ya rage maka dubu ashirin amma ya ƙi rubuta lambar inji, ya fi wanda bai rage ba tsada, don ranar da aka tare ka a shingen bincike ko wani ya ce babur ɗinsa ne, takardar nan ce kawai za ta yi magana a madadinka.

Adalcin kuma ta ɓangare biyu ne. Mai shago yana biyan haya, yana biyan yara, jarinsa na narkewa duk ranar da naira ta faɗi. In ya faɗa maka gaskiya ya tsaya wa kayansa, ribarsa halal ce, kada ka nemi ka tatse shi. In ya ce ya sallama a kan tayinka, ka biya, kada ka ce bari ka je ka yi shawara. Wurinsa za ka dawo neman kayan gyara, wataƙila ma shi zai saye babur ɗin in ka tashi canzawa. Siyan na gari mayar da kuɗi gida ne, kuma wannan ya haɗa da mutumin da ka saya a wurinsa.

A nan za mu dakata. Aikin gida na wannan makon: ku tambayi mahaifi ko kawu ko kaka, wane ne babur ɗinsa na farko, a wace shekara ya saya, nawa, kuma a wurin wa. Ku rubuto mana tare da sunan garinku, mu jera su mu ga yadda farashin ya yi tafiya daga zamanin Udoji zuwa yau. Wanda kuma ke shirin shiga kasuwa a kwanakin nan, Allah ya sa a saya a sa'a, Allah ya tsare hanya, a kuma daure a sa hular kwano ta gaske.